Jelin da Surukata Ba Ta Sha a Gabana Ba

Ni ce na ce zan yi jinyarta. Babu wanda ya roƙe ni, hasali ma an so a hana ni. Ranar da babban ɗana ya zo gidana a unguwar Majidaɗi, nan Jalingo, ya gaya mini an sa ranar da za a yi wa matarsa aiki a Abuja, a rage mata girman tumbi don ƙiba ta sauka, sai ya ƙara da cewa idan sun dawo yayarta za ta zo daga Lau ta zauna da ita. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na dube shi.

"Daga Lau? Ni na mutu ne?"

"Inna, ba haka ba ne. Ita ce ta ce..."

"Ta ce me? Ka gaya wa yayar tata ta zauna ta kula da gidanta. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'ya'yan mutane, jinyar mace ɗaya ba za ta gagare ni ba."

Ya sunkuyar da kai. Haka yake tun yana ƙarami, in na ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai ya bar ni da halina. Ni kuma ban tambaye shi abin da ta ce ba.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ba tausayi kaɗai ya sa na nace ba. Akwai abin da ya daɗe yana cina. Shekara uku kafin nan, a bikin 'yar ƙanwata, surukar tawa ta wuni tana hidima, tana raba abinci, gumi ya jiƙe mata riga sharkaf. Da ta samu sarari ta jawo kujerar roba za ta zauna, sai na ɗaga murya na ce, "A kawo mata benci, kujerun nan na haya ne!" Mata suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, ta mayar da kujerar inda ta ɗauko ta, ta ƙarasa wunin a tsaye. Ina da baki, kuma mutane sun lalata ni da yabon bakin nan, duk inda na zauna ana jiran in faɗi wadda za a yi dariya. Daga bikin nan ban sake ganinta a taron mata ba. Ɗana ya ce likitoci ne suka ba da shawarar aikin, saboda ciwon sukari da hawan jini da gwiwoyinta da suka fara gazawa, kuma na san gaskiya ya faɗa. Amma duk lokacin da aka ambaci aikin, muryata nake ji a ƙarƙashin rumfar bikin nan. Na ƙudurta cewa zan yi mata jinyar da uwar da ta haife ta ma, da tana raye, ba za ta fi ni ba.

Sun dawo cikin tsakiyar zafi, lokacin da ko duwatsun da suka kewaye Jalingo sai ka ga kamar suna huci. Na riga su isa gidan da jakata da tabarmata. Yaransu biyu suna makarantar kwana, don haka gidan mu uku ne. Ta sauko daga mota a hankali, tana dafe da ciki, ta yi yunƙurin durƙusawa ta gaishe ni. Na daka mata tsawa na ce ta miƙe kafin ɗinki ya buɗe.

Ɗana ya ba ni takardar likita, na sa tabarau na karanta ta sau biyu. Babu tuwo, babu fura, babu abin da ake taunawa sai an kwana biyu. Babu sukari, babu lemon kwalba, babu zuƙa da tsinke. Babban abin shi ne ruwa. Tumbin ya zama ɗan ƙarami, ba ya ɗaukar kofi guda a lokaci ɗaya, don haka sai dai kurɓi kaɗan, a huta, a sake kurɓa, tun safe har a kwanta, har ta shanye babbar gora guda a yini. In bakinta ya bushe, ko fitsari ya yi duhu, ko jiri ya fara ɗibarta, to a mayar da ita asibiti. Matsalar ita ce tun a Abuja ruwa zalla yake tayar mata da zuciya. Shi ya sa aka ba su shawarar jeli marar sukari, wanda in ya shiga baki narkewa yake ya koma ruwa, ya sauka a hankali.

Ɗana ya miƙo mini gwangwanin wani gari mai launin ƙasa-ƙasa, ya ce jelatin ne. Na juya gwangwanin ina harararsa.

"Da me aka yi shi?"

"Da ƙashi da fatar saniya, Inna. Ga tambarin halal nan."

Sai a lokacin hankalina ya kwanta, domin na gane abin. Duk wadda ta taɓa dafa ƙafar saniya ta bar romon ya kwana ta san yadda yake daskarewa yana rawa a tukunya. Ashe shi ne aka busar aka niƙa aka sa masa suna mai tsada.

Na farko da na yi ya lalace. Na tafasa ruwa na zazzaga garin a ciki yadda nake yi wa tuwo, ya dunƙule ya yi gudaji, na zubar ina tsaki. Sai na sauke girman kai na karanta bayan gwangwanin. Ashe ruwan sanyi ake fara sawa. A ɗebi rabin kofi, a barbaɗa cokali guda na garin a kai, a bar shi ya sha ya kumbura. Sannan a kawo ruwan zafi wanda aka sauke daga wuta ya ɗan huce, a zuba ana motsawa har sai an ɗaga cokali ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba. Ni na riƙa jefa ganyen na'a-na'a uku ko huɗu a ruwan zafin, in tace da ƙyalle mai tsabta, don ya yi ɗan ƙamshi ba tare da ya yi ƙarfi ba, sai ƙwaya ɗaya ta zaƙin nan na masu ciwon sukari. Na shiga Kasuwar Jalingo na sayo ƙananan robobi masu murfi guda ashirin. A cikinsu nake zubawa, in jera a firji. In an ɗauke wuta sai in sayo ƙanƙara in jera su a kula. Bayan awa uku ko huɗu ya kama, ya fito garau kana hango gindin robar, in ka taɓa shi ya yi rawa. Na ɗanɗana na ji sanyinsa ya bi maƙogwarona, na ce wa kaina wannan ko jariri zai sha.

Na shimfiɗa tabarmata a ɗakinta, dab da gado. A nan nake salla, a nan nake jan carbi, a nan nake kwana. Ɗana na kore shi zuwa ɗaya ɗakin. Na samo littafin rubutu na ja layi kamar rajistar aji, ina so in riƙa sa alama duk robar da ta shanye.

Na miƙa mata ta farko da ƙaramin cokali. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Useko, Inna," wato ta gode, ta ajiye a kan durowar gefen gado.

"Sha mana."

"To, Inna. Zan sha."

Na zauna ina jira. Ta kwanta tana kallon silin. Jelin ya fara narkewa a zafin ɗakin, ruwa ya taru a samansa. Da na tashi na je alwala na dawo, sai na tarar da robar babu komai a ciki, ita kuma ta dunƙule tana riƙe da ƙirji, idanunta sun yi ja. Kafin in ce wani abu ta jawo bokitin da ke ƙarƙashin gado ta dawo da shi duka.

Na ce na'a-na'ar ce ta yi yawa, na rage. Washegari ma haka. In miƙa, ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye. In na fita kicin na minti biyar, in dawo in tarar ta shanye kuma tana amai. Sai na yi tunani irin na malamar firamare. Na ce yarinyar nan in babu ido a kanta hanzari take yi, tana kwankwaɗa, alhali takarda ta ce kaɗan-kaɗan. Maganinta shi ne kada in ɗaga. Na daina daɗewa a kicin, na koma haɗa jelin da sassafe kafin ta farka. Alwala ma a gurguje nake yi in dawo. Gorar ruwa da robobin jeli na jera su a gabana, kamar mai tsaron kanti, ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, suna narkewa a kan durowa.

A kwana na huɗu leɓɓanta sun tsattsage. Ta ce kanta yana sarawa. In ta yi magana harshenta yana manne wa dasashi, kana jin ƙarar. Na duba littafina, alamomin ba su kai rabin abin da ake so ba, kuma yawancinsu ma a bokiti suka ƙare. Tsoro ya kama ni, ni kuwa in na ji tsoro faɗa nake yi.

"Ke fa ba yarinya ba ce," na ce mata. "Kin yarda an yanka ki, amma cokali guda ya gagare ki? So kike a ce a hannuna kika lalace?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ba haƙuri nake so ba. Buɗe bakinki."

Na ɗebo jelin da cokali na kai mata har leɓe. Ta dube ni sau ɗaya, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Cokalin yana hannuna, jelin yana rawa a kai, har ya zame ya faɗi a kan zanen gado. Na ji kamar ta mare ni. A raina na ce ashe maganar kujerar nan tana nan, yau take rama ta, ba za ta ci abin hannuna ba.

Da yamma da ɗana ya dawo daga ofis na tare shi a tsakar gida.

"Matarka tana da taurin kai. Ko kuma ni ce ba ta so."

Ya yi ta murza makullin mota a hannu. "Inna, da kina ɗan fita kina shan iska. Ko ki je gida ki huta kwana biyu, ni sai in..."

"Korata kake yi?"

"A'a, wallahi."

"To rufe mini baki."

Ya rufe. Sau biyu ke nan yana kawo mini gaskiya har bakin ƙofa ina mayar da shi da ita.

Ranar kwana na shida da hantsi ta tashi za ta shiga banɗaki. Taku uku ta yi, gwiwoyinta suka saki. Na tare ta da jikina muka zube tare a kan tabarma. Jikinta zafi, fatar hannunta a bushe, na kira ta tana amsawa daga nesa. Ban san lokacin da na fita tsakar gida babu ɗankwali ina kiran maƙwabta ba.

A asibitin da muka kai ta, wata nas, 'yar Mumuye mai ƙarfin hannu, ta yi ta neman jijiya a hannun dama ba ta samu ba, ta koma hagu, sai a karo na huɗu allurar ta shiga. Ta rataye ledar ruwa ta juyo ta dube ni.

"Mama, wannan mata bai sha ruwa ba sam. Jikinsa ya bushe. Waye yana duba shi a gida?"

Na ce, "Ni ce."

Ta gyara ɗigon ruwan ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar yayarta ta iso daga Lau, ɗana ne ya kira ta ba tare da ya nemi izinina ba. Doguwar mace ce siririya, ba ta yi boko ba, ta girmi surukata da kusan shekara goma, ita ta riƙe ta bayan rasuwar uwarsu. Ta durƙusa ta gaishe ni da Fulatanci yadda ya kamata, ta shiga ta ga ƙanwarta, ta daɗe, sannan ta fito ta same ni a kan bencin baranda. Ta zauna a ƙasa, ba ta yarda ta hau bencin ba.

Na fara kare kaina tun ba ta tambaya ba. Na gaya mata yadda nake haɗa jelin, da robobi ashirin, da ƙanƙara. Har littafin na ciro daga jaka na nuna mata. Na ce ban taɓa barin ɗakin ba, dare da rana ina nan.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, a hankali, idonta a ƙasa, "Inna, in za ta sha, a ina kike zama?"

"A gabanta mana. A ina zan..."

Ban ƙarasa ba.

Wace suruka ce take kai abu baki a gaban uwar mijinta? Ni kaina shekara goma sha ɗaya na zauna gida ɗaya da uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ganin ina tauna ko goro ba. A tsaye nake cin abinci a bayan ƙofar kicin, in na ji takunta in haɗiye da sauri in goge baki. Da ƙishirwa zan wuni in tana zaune kusa da randa. Haka aka tarbiyyantar da mu, haka aka tarbiyyantar da wannan yarinya a rugarsu ta bayan Lau, kuma na sani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har alfahari na sha yi da shi. Sau nawa na gaya wa ƙawayena cewa surukata, duk da digirinta da motarta da ofishinta, ba ta zubar da pulaaku, kunyar nan ta Fulani, ba, shekara goma sha bakwai ban taɓa ganin cin abincinta ba? Na ji daɗin kunyar nan lokacin da take ƙara mini girma. Da ta zo tana neman ranta, sai na kira ta taurin kai.

Lafiyayyar suruka tana da dabara, irin wadda na yi a bayan ƙofar kicin: ta jira a fita, ta cika ciki cikin minti biyu. Ita ma abin da ta yi ta gwadawa ke nan duk lokacin da na je alwala. Amma tumbinta na yanzu ba ya karɓar gaggawa, yini guda cur yake bukata, cokali bayan cokali. Ni kuwa na zauna a kan yinin nan gaba ɗaya da tabarmata da carbina. Da na ga tana amai, maimakon in ba ta wuri, sai na ƙara matsowa.

"Me ya sa ba ta gaya mini ba?" na ce, ko da yake na san amsar.

Yayar ta ɗan yi murmushi. "Ta ce miki ki fita, Inna? Da wane baki?"

Na yi kuka a barandar nan, mutane suna wucewa suna zaton rasuwa aka yi mini. Yayar ce ma take ba ni haƙuri, tana cewa niyyata alheri ce. Ban ji daɗin jin haka ba, domin na san niyyar tawa rabinta don kaina ce. Na zo ne in wanke laifina a idon jama'a, a ce ga uwar miji ta gari, kuma saura kaɗan in wanke shi da ran 'yar mutane.

Kwana biyu ta yi aka sallame ta. Kafin su iso gida na naɗe tabarmata na koma Majidaɗi. Yayar ta karɓi ɗakin, sai dai ba ta iya haɗa jelin ba, ta gwada sau ɗaya ya ƙi kamawa, don haka wannan aikin ya zauna a hannuna. Kullum da yamma in jiƙa garin, in tace na'a-na'a, in jera robobi. Da safe in sa su a kula in hau keke mai ƙafa uku in kai. Ba na wuce falo. Yayar ta fito ta karɓa, ta ba ni robobin jiya a wanke, ta ce mini jiya ta sha shida, ko ta sha bakwai har da rabin gorar ruwa, ko ta ce leɓɓan sun warke. Daga bakinta na ji cewa ƙanwar tata ta fi son wanda bai kama sosai ba, mai laushi, sai na rage garin na ƙara ruwa.

Wata safiya, wajen mako guda da sallamarta, na zo na tarar yayar ta shiga wanka. Gidan shiru. Na ajiye kular a falo, na ga ƙofar ɗakin a buɗe, labule kawai ya rage tsakanina da ita. Na tsaya a bayan labulen na yi sallama. Na ji motsinta, na ji ƙarar cokali an ajiye shi da sauri a kan durowa.

"Kada ki tashi," na ce. "Ba shigowa zan yi ba."

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi sosai."

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa a taro ba, sai ga shi kalma uku sun gagare ni. Uwar miji ma tana da tata kunyar, ba a saba jin ta tana roƙon suruka ba. Da ƙyar na tattaro su.

"Ki yafe mini."

Ba ta ɓata lokaci ba ko kaɗan. "Haba, Inna. Ba ki yi mini komai ba."

Muryarta a sanyaye, da ladabi, babu abin da za ka kama a ciki. Na so in ce mata a'a, na yi, ki faɗa, ki yi fushi ko sau ɗaya ne. Amma na san da ta yafe da ba ta yafe ba, amsar da za ta ba uwar mijinta ke nan, kuma ita zan ci gaba da samu har ɗayanmu ya bar duniya. Na buɗe baki zan ƙara wata maganar, sai na tuna akwai roba a buɗe a kan durowa tana narkewa, kuma muddin ina tsaye a wurin ba za ta ɗauki cokalin ba. Na sa takalmana na fita, na ja ƙofar gidan da ƙarfi don ta ji na tafi.